Dashen da Kawu Bai Cire Ba

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Alhamis ɗin da Kawu ya rasu na maimaita wannan ya fi a ƙirga, baki yana faɗa, zuciya ta ƙi karɓa. Mutumin bai kwanta jinya ba, ko ciwon kai bai ce yana yi ba. Ya yi asuba a masallacin layinsu a Jikwoyi, ya dawo ya sha kokonsa, ya zauna bakin gado yana ɗaura igiyar takalmi don ya riga cunkoson Nyanya. Inna, matarsa, ta leƙa kicin ɗauko masa fulas ɗin shayi. Da ta dawo sai ta same shi ya karkace gefe guda, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Ina cikin motar haya zan tafi ofis Umma ta kira ni daga Zariya. Ita ce ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ce, "Kawunki ya rasu." Na ce, "Umma, wane Kawun?" Kawu ɗaya gare ni a duniya, amma abin da ya fito daga bakina ke nan. Matar da ke zaune kusa da ni ce ta karɓi wayar daga hannuna, ta ce wa direba ya tsaya.

A gidan na tarar da mutane cirko-cirko, ba mai kuka sosai, kowa sai ba da labarin ganinsa na ƙarshe yake yi, kamar in an tara shaidu da yawa za a soke maganar. Mai shagon bakin layi, wani Bakatsine, sai faɗi yake, "Jiya fa! Jiya bayan la'asar ya tsaya nan yana min faɗa wai sikelina ya karkace. Na ce Baba gobe zan gyara, ya ce zai zo ya duba." Maƙwabciyarsu, 'yar Binuwai mai sayar da doya, ta shigo da ɗankwali a hannu tana cewa, "A'a, a'a, ba Baba ba. Ni ya gan shi da safe, ya ce Madam yaya yara. Ku duba shi da kyau, abeg." Sai da Inna ta kama hannunta ta zaunar da ita, wadda aka yi wa rasuwa tana rarrashin mai zuwa gaisuwa. Ogan kamfanin da ni da Kawu muke aiki kuwa, an ce har aka watse daga maƙabarta yana tsaye yana kallon wayarsa. Saƙon Kawu ya shigo masa ƙarfe shida da 'yan mintuna: "Yanzu zan fito."

Da yawa cikin masu ta'aziyyar ba su san aikinsa ba. A Jikwoyi mai gyaran kwamfuta suke ce masa, har wayar da ta faɗa ruwa kawo masa ake yi. Umma ta fi kowa kusa da gaskiya. Ita cewa take aikin yayanta neman laifi, tun yana yaro haka yake, sai Allah ya haɗa shi da inda ake so. Kamfaninmu ƙarami ne, manhaja ɗaya muke yi, wadda ƙananan asibitoci ke rubuta rigakafin yara a ciki: wane yaro aka yi wa, wace allura, yaushe zai dawo. Injiniyoyi su rubuta, mu masu gwaji mu bi bayansu muna neman inda ta lalace kafin ta kai hannun nas. Mu biyar ne, Kawu ne shugabanmu. Bayan ya yi ritaya daga wata ma'aikata Oga ya lallaɓo shi, ni kuma shekara huɗu ina ƙarƙashinsa. Saboda ni duk ofis suka koma ce masa Kawu, har da Oga.

Da aka dawo daga maƙabarta, babban injiniyanmu ya aiko a kira ni ƙofar gida. Ɗan Filato ne, Kirista, Kawu ba ya kiransa da komai sai "ƙanena". Idonsa ya yi ja, ga jar ƙasa har gwiwar wandonsa. Ya yi min gaisuwa, sannan ya rage murya.

"Malama, ki yi haƙuri, na san ba lokacinsa ba ne. Guda nawa ya dasa wannan karon?"

Wallahi har wannan lokacin ban tuna ba.

Dole in bayyana wannan, don shi ne Kawu gaba ɗayansa. Duk lokacin da za mu fitar da sabon zubin manhaja, ranar Litinin zai zauna shi kaɗai ya ɓata wasu wurare a cikinta da gangan. Ya juya wani lissafi, ya cire wani sharaɗi, ya mai da wata guda kwana ashirin. Shi yake kira dashe. Mu kuma daga Litinin zuwa Alhamis mu yi ta gwaji, ba mu san inda ya taɓa ba, ba mu san guda nawa ba ne. Juma'a da safe ya zaro takarda daga aljihu ya karanto mana, a ga nawa muka kama, nawa suka wuce mu. Sannan ya cire waɗanda suka rage da hannunsa, ya sa hannu a takardar fitarwa, Litinin manhaja ta tafi asibitoci.

Ma'auninsa ke nan. Yakan ce in kana son sanin ko mai tsintar shinkafa ta iya, kada ka ƙirga tsakuwar da ta tara a gefen tire, ka jefa goma da hannunka ka ga nawa za ta fitar. In mun kama takwas cikin goma na dashe, to haka muke kama na gaskiyar ma. Ke nan in mun gano kurakuran injiniyoyi arba'in, akwai wajen goma da ke kwance ba mu gani ba. "Ku manhaja kuke gwadawa," in ji shi, "ni ku nake gwadawa."

To ga shi ya dasa Litinin, ya rasu Alhamis, bai kai Juma'ar da zai karanto takarda ba. Mun kama tara. Ko tara ya dasa, ko goma sha biyu, babu mai rai da ya sani. Ga asibitoci talatin da wani abu suna jiran sabon zubin ranar Litinin, saboda zagayen rigakafin da za a fara. In akwai dashen da ya rage a ciki, kan 'ya'yan mutane zai ƙare. Allah ya yafe min, a ƙofar gidan nan, ana ta shigowa yi mana gaisuwa, haushin Kawu ya turnuƙe ni.

Da can ba haka muke auna kanmu ba. Oga ya taɓa dawowa daga wani taro a Legas da sabon tunani, ya sa aka kafa ƙaton allo irin na talabijin a bangon ofis. Allon yana nuna gwaji nawa aka yi, kashi nawa suka wuce lafiya, da kuskure nawa kowane mai gwaji ya kawo. In komai lafiya ya yi kore, in da matsala ya yi ja. Wanda ya fi kawo kurakurai a wata, a tafa masa a taro, a liƙa hotonsa. Ba a yi wata biyu ba muka gane kan abin. Kuskure ɗaya sai mu yanka shi gida biyar. Harafi ya karkace a shafin farko, ɗaya ke nan. Ya karkace a shafi na biyu, biyu. Sau biyu hotona yana hawa bango, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har na tura wa Umma.

Kawu ya yi wata uku yana kallonmu ta saman tabarau bai ce uffan ba. Wata Juma'a ya tara mu gaban allon, har da Oga. Ya sa Injiniya ya cire sashen da ke lissafa ranar da yaro zai dawo allura, ya sa rana ɗaya tak ga kowa, da jariri da ɗan shekara biyu. Sannan ya ce a kunna gwaje-gwajen gaba ɗaya. Muka tsaya muna jiran ja. Allon ya gama juyinsa ya tsaya kore shar, kashi casa'in da bakwai cikin ɗari. Ashe gwaje-gwajen namu suna duba ko rana ta fito ne kawai, ba ruwansu da ko daidai ce.

"Oga, kore ne," in ji Kawu. "A fitar?"

Oga ya ce, "Haba Kawu, a gaban ma'aikata? Ba za ka same ni a ofis ba?"

"Na same ka sau uku. Duk zuwan da na yi allon nan kake nuna min."

Sati biyu ba sa gaisawa sai da ka. Daga baya Oga da kansa ya ɓamɓare hotunan, ya ce Kawu ya auna mu yadda ya ga dama. Allon dai aka bar shi, don Oga yana son nuna wa baƙi. Kawu ya sa masa suna adon falo, kuma in zai wuce ta gabansa sai ya ce masa sannu da aiki.

Maganar takarda kuwa, laifina ce, gara in faɗa da bakina. Da farko a kwamfutarsa yake ajiye jerin dashen. Wata Laraba ya tafi sallar azahar ya bar ta a buɗe, Shaiɗan ya ja ni na leƙa. Satin nan na kama goma sha ɗaya cikin goma sha ɗaya. Ranar Juma'a ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗiyata, ni da na dasa sai da na duba kafin in tuna na bakwai. Ke kin fi ni sanin gonata." Ni dai na so ƙasa ta tsage. Daga ranar ya koma rubutawa da biro a takarda guda, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Ya kuma koma yin dashen da sunan shiga manhaja na bai-ɗaya da duk ofis ke amfani da shi, don aikinsa ya cakuɗe da na injiniyoyi, kada wani mai wayo ya bi sawunsa.

Injiniya ya yi masa magana a kan wannan, ina wurin. Ya ce, "Kawu, wannan abu akwai haɗari fa. Ka ba ni kwafi ɗaya in kulle a dirowa. In mota ta buge ka fa?" Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ƙanena, kai da kake cin abinci da su kullum? Kwana biyu za su tatse ka. Ka dai yi min addu'a a coci kada ta buge ni kafin Juma'a." Muka yi dariya mu duka, har da ni. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tambayar kowa "in wannan ya lalace fa?", kansa kaɗai ya ƙi yi wa wannan tambayar.

Ba na so a ɗauka mutum ne mai tsanani kawai. Duk Juma'ar karatun takarda da kular dambu yake zuwa, na hannun Inna, mai zogale da gyaɗa. Kowa da farantinsa, amma wanda dashe ya fi wucewa shi zai zauna kusa da Kawu su ci a kwano ɗaya, yana ci yana nuna masa inda idonsa ya kauce. Ba a taɓa jin ya ce wa wani ka kasa ba. Cewa yake, "Zo mu ci, yau kai ne baƙona." Na ci a kwanon nan ya fi na kowa, domin a sashena yake ɓoye masu wuyar. Har ƙararsa na taɓa kaiwa wurin Umma. Ta kira shi, ya saurare ta tsaf, ya ce, "Ki ce mata in ta gaji ta dawo Zariya ta kafa kaskon awara."

Akwai shekarar da wani kuskure na gaske ya tsere mana. Saƙon tunatarwa ya tafi wa iyaye mata da ranar da ba ita ba, mata suka yi tattaki da goyo zuwa wani asibiti a ƙauyukan Gwagwalada suka tarar ba ranar allura ba ce. Injiniya ne ya rubuta wurin, Oga ya rantse sai ya kore shi. Kawu ya shiga ofishin ba sallama, ya ce, "Shi ya rubuta, ni na ce ya yi kyau. In kora ce ka fara da mai sa hannu." Washegari ya ɗauki Injiniya a tsohuwar motarsa suka tafi can, suka zauna a benci suna ba matan haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Injiniya ya ce min a hanyar dawowa Kawu bai yi maganar ba sam, rake ya saya musu suna sha, yana ba shi labarin noman albasa.

Ranar Juma'a, kwana ɗaya da binne shi, ni da Injiniya muka buɗe dirowarsa. Muka sami goro ya bushe, da tsohon tabarau, da takardun dashen baya a ɗaure da roba. Wannan biyar, wancan goma sha uku, wani takwas, babu tsarin da za ka kama. Ta wannan satin ba ta ciki. Muka duba jakarsa, muka duba motarsa har ƙarƙashin kujera. Na daure na tambayi Inna, ta duba gefen gado da cikin Alƙur'aninsa, ta ce babu. Injiniya ya jera sabon zubin da tsohon don ya ga abin da ya canza, sai ga canji sama da ɗari huɗu, aikin wata uku, duka da suna ɗaya. Muka bi su Juma'a da Asabar, Lahadi ma yana fitowa daga coci ya zarce ofis. Mun ƙara gano kurakurai biyu, amma injiniyoyi suka ce nasu ne, sun gane hannunsu. Na dashe suna nan tara.

Litinin da safe Oga ya tara mu. Shi ma ya rame a kwana huɗun nan. Ya ce an riga an koya wa nas-nas sabon zubin, tsohon kuma ba zai ɗauki sabon jadawalin allura ba. Injiniya ya ce, "Oga, a ba mu sati ɗaya."

"Sati ɗaya ku yi me da ba ku yi ba?"

Oga ya juyo kaina. "Malama, ke kika fi kowa saninsa. Tara ya yi kama da shi?"

Na ce ya taɓa dasa tara har sau biyu. Gaskiya na faɗa, amma gaskiyar da ba ta nufin komai, kuma na san haka lokacin da nake faɗa. Oga ya turo min takardar fitarwa, ga layin da Kawu ke sa hannu babu kowa a kai. Na gaji, idona ya kumbura, ina so a gama in koma wurin Inna. Akwai kuma wani abu da nake jin kunyarsa har yau: na so a ga cewa ɗiyar Kawu za ta iya zama a kujerarsa. Na ɗauki biro na sa hannu, kafin azahar manhaja ta tafi.

Laraba aka yi addu'ar bakwai. Bayan maza sun watse Inna ta fito da kayansa za ta raba sadaka. Akwai wata leda da ta ƙi taɓawa duk kwanakin nan, rigar da ya rasu a cikinta ce, wadda masu wanka suka ninke suka miƙo. Mun duba ko'ina ban da nan, don ba wanda bakinsa ya iya tambaya. Ta buɗe tana shafa rigar, sai ta tsaya, ta zaro wani abu daga aljihun ƙirji ta miƙo min.

"Ko wannan ce kuke nema?"

Takarda ce ninki huɗu. Na buɗe ta. Ƙananan haruffansa ne a jere, kowane layi da lambarsa. Na bi su da yatsa, na ɗaya mun kama, na biyu mun kama, har na tara. Sai ga layi na goma a ƙasa: "Haɗa katin yara. Na cire duba sunan uwa. Sashen ɗiyata. Ba za ta tuna a layi ɗaya ana samun Muhammadu biyar ba."

Na zauna daɓas a kan tabarma. Manhajar tamu, in ta ga an yi wa yaro ɗaya rajista sau biyu, takan haɗe katunan su zama ɗaya. Kafin ta haɗe tana duba abu uku: sunan yaro, ranar haihuwa, da sunan uwa. Na ukun ya cire. A wuraren da uwa ta san watan haihuwa amma ba ta riƙe ranar ba, ɗaya ga wata ake rubuta wa kowa. Ke nan Muhammadu biyu da aka haifa wata guda sun zama yaro ɗaya, allurar da aka yi wa wannan ta hau kan wancan. Ni na gwada wurin. Yara ashirin na ƙirƙira, kowa na ba shi sunansa daban don kada in rikice, komai ya wuce lafiya, na yi gaba. Ya san haka zan yi tun kafin in yi.

Inna ta ce, "Lafiya? Wani abu ya rubuta mara daɗi?" Na ce mata a'a, aiki ne ya bar min. Na fita waje na kira Injiniya, na karanta masa layin. Ya ce, "Yesu. Kwana uku tana waje."

Gyaran bai ci awa ɗaya ba, layi guda ne aka mayar. Neman ɓarnar shi ya ɗauki yini. Kafin magariba ya turo min: katuna takwas sun koma huɗu. Uku daga ciki yaran ba su riga sun zo ba, an raba katunan, shi ke nan. Na huɗun a wani ƙaramin asibiti ne kusa da Kuchigoro, inda mutanen da rikici ya koro daga arewa maso gabas suke zaune. Yaro ɗan wata tara, Muhammadu, uwarsa ta kawo shi ranar Talata don allurar ƙyanda. Manhaja ta nuna an yi masa ranar Litinin, aka sallame ta. A katin babu lambar waya.

Alhamis da safe na isa asibitin, sati ɗaya cif da rasuwarsa. Nas ɗin, wata doguwar mata 'yar Kudancin Kaduna, ta dafe kai da na yi mata bayani. Ta ce, "Na tuna ta. Ta yi ta min gardama, ni kuma ga layi har waje. Kuma lokacin zafi ne, ƙyanda na yawo." Ta ɗauki akwatin sanyi na allurai ta rataya, muka shiga cikin matsugunin a ƙafa. Ɗakunan buhu da kwano ne a matse, lungu ya shiga lungu. Muka tambayi Maman Muhammadu, mata huɗu suka leƙo daga layi ɗaya. Sai da muka yi wajen awa biyu muna zagaye, nas tana duba fuskoki, kafin ta tsaya ta ce, "Ga ta can."

Tana durƙushe tana wanki a bakin ƙofa, yaron yana zaune a cikin baho babu ruwa yana cizon murfin roba. Lafiyarsa ƙalau. Matar ta ɗago ta dubi nas, ba ta ko miƙe ba.

"Ke ce. Na faɗa miki ba a yi masa ba. Ni na haife shi, ni nake goyonsa, a ce an soka masa allura ban sani ba? Kika juyo min da waya kika ce ga shi an rubuta."

Nas ta ba ta haƙuri. Ta goge hannu a zani ta ɗauko shi, ta ce in riƙe, tunda na zo. Na ɗora shi a cinya na kama hannunsa, nas ta yi abin da ya kawo ta. Ya tsandara ihu, ni ma sai abin ya ƙwace min. Tun ranar da Umma ta kira ni ban yi kuka irin wannan ba, har yaron ya yi shiru yana kallona.

Matar ta ce wa nas, "Ita kuma wannan fa? Ai ba ita aka soka ba."

Nas ta ce kawuna ne ya rasu satin da ya wuce. Da na bar maganar a nan da ya wadatar, amma na kasa. Na gaya mata duka, yadda zan iya. Na ce shi ya ɓata wurin da gangan don ya gwada ko zan gani, da niyyar ya gyara kafin ya iso gare su, mutuwa ta riga shi, ni kuma ban gani ba na ce komai lafiya. Ta saurare ni tana jijjiga ɗanta a kafaɗa. Ban san nawa ta fahimta ba, ban kuma san abin da nake jira ta ce ba.

"Tsoho ne?"

Na ce ya haura sittin.

"Allah ya jiƙansa. Mu ma mun bar namu da yawa a can, wasu ko kabarinsu ba mu sani ba." Ta gyara wa yaron riga, ta mai da shi cikin baho, ta ja bokitin wankinta. "Ke kuma tunda ke kika rage, ki je ki koya wa na'urar taku. In uwa ta ce ba a yi ba, to ba a yi ba."

Na ce to. Ta ci gaba da wankinta, muka kama hanya.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya ba Inna da Umma haƙurin rashinsa. Ya yafe masa gudan nan da bai samu cirewa ba, ni kuma ya yafe min hannun da na sa.